Na Wanke Rigar Ɗan Sama Jannati

Mama,

Gaisuwa daga Sydney. Ya ƙafar Baba? Ya ƙanwata Fuatino da jaririnta?

Ina lafiya, aiki ma da sauƙi. Sai dai an kawo rigar ɗan sama jannati ta wani tsohon fim gidan gwanjon da nake aiki, duk ta yi jar ƙasa. Na ji kunyar baƙi su gan ta haka, na wanke ta fes.

Maigidana Hargreaves ya dafe kai. "Peniamina, ka kashe ni! Da dattin masu saye ke gane ita ce ta fim!"

Na shafa mata ƙasar lambu, ya ce wannan dattin jabu ne, in tafi gida tukuna. Hutu ne ko kora, oho. Kada Baba ya ji.

Ki yi mini addu'a. Mama, wai datti ma akwai na gaske?

Ɗanki,
Peniamina