Mai Masauki a Jamus

Garwa, daren Laraba, daminar 1975

Tun da na dawo hutu daga Yawunde nake ɓoye maganar. Yau dai bayan azahar na faɗa wa Baba cewa in na ci jarrabawar Jamusanci, jami'a za ta tura ni Jamus shekara guda.

Na zaci faɗa zai yi. Sai ya ajiye carbi ya ce, "Wa ne mai masaukinka a can?"

Na ce ɗakin ɗalibai ake ba mutum, da makullinsa. Bai gamsu ba. Shi da ya yi fataucin goro har Kusiri, bai taɓa shiga gari ba sai da mai masaukin da zai tsaya masa. Ya sa takalmi ya zaga unguwa yana cigiyar wanda ya san Bahaushe a Jamus. Ba a samu ba.

Ni kuwa na tafi bakin Binuwai ina maimaita darasina. Sai nake gani a raina kogin ya daskare, ina tafiya a kansa cikin doguwar kwat, Jamusawa na gaishe ni ina amsawa ba gargada.

Bayan magariba Baba ya kira ni. "Yaya ake cewa 'ga amana' da bakinsu? Duk wanda ya karɓe ka a can, ka faɗa masa in ji ni."

Na iya tambayar tashar jirgi, na haddace sunayen launuka. Wannan kam, ba mu kai wurin ba tukuna.