Zanen Goyon da Inna Ta Sayo

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Ya maigidanki, ya yara, ya zaman Legas? Mu nan Rabah sai godiyar Allah.

Yaya, an yi mani ƙarin ruwa na ukku a Sakkwato kan sankarar ƙwan mahaifar nan, na dawo gida. Nas Rabi na zuwa kullum da sahe ta yi mani allura, ta auna cikina, don ruwa na ta taruwa, ya kumbura kamar na wata bakwai.

Kin san mun ɓoye ma Inna saboda hawan jininta. To ran Lahadi sai ga ta daga Maikujera ba sanarwa. Ta iske ina amai, Rabi na auna cikin. Sai Inna ta rangaɗa guɗa, tac ce, "Shekara goma sha ɗaya ina roƙon Allah!" Rabi ta buɗe baki, na matse mata hannu.

Jiya har zanen goyo ta sayo. Ta ƙwace ƙwayoyina ta ƙulle a haɓar zanenta, wai magani na zubar da ciki. Rabi ta rantse in na ƙara tsallake kwana guda, ita za ta hwaɗa mata. Ga shi likita ya ce bayan sallah za a cire mahaifar baki ɗaya.

Yaya, mi zan ce mata? Ta hi jin maganarki, don Allah ki kira gobe. Ki sa ni addu'a, ki gaishe da kowa.

Ga ta can tsakar gida tana shanya zanen goyon, tana waƙa.

Ƙanwarki,
Saratu