Hatimina a Kan Gidan Baba

Lahadi, 15 ga Oktoba

An yi addu'ar kwana arba'in da tara ta Baba. Turaren bai gama ci ba Yaya Masakatsu ya ja ni bayan gida, gindin kanya. Wai in kawo hatimina na rajista, wanda ke madadin sa hannu, a mayar da gida da gonar shinkafa sunansa. "Ai haka ake yi, Chizuko. Babban ɗa." Na ce dokar babban ɗa ta mutu tun kafin a haife mu. Ya ce, "To, sarauniyar karatu ta fara."

Shekara talatin ina gyara kurakuran littattafan mutane a birnin Sendai, amma a gidanmu har yau ni ce mai miƙa shayi.

Talata, 17 ga Oktoba

Ban ba shi ba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Na karanta dokar da kaina. Inna na da rabi, ni da shi mu raba rabi, kuma ko taku ɗaya na ƙasar ba ya sauya hannu sai kowa ya buga hatimi. Amma ga abin da ya fi: ana iya raba mallaka da zama. Ya riƙe gidan da sunansa, Inna ta riƙe haƙƙin zama a ciki har ƙarshen ranta, a shigar a ofishin rajistar filaye. Ko ya sayar, mai saye ya saya da tsohuwa a ciki. Ban damu da gonar ba, ya jiƙa ta ya sha. Rufin kan Inna nake so.

Domin na san shi. Tun bazara wasu masu kafa faifan hasken rana suke zagaya ƙauyen, kuma na ga katinsu a motarsa.

Alhamis, 2 ga Nuwamba

Ya kira. "Wato ni zan kori uwata? Ke da sai bikin sabuwar shekara ake ganin ƙeyarki?" Na ce in ba zai kore ta ba, me rubutu zai rage masa? Ya ce bakina ne ya kori mijina. Na ce aƙalla ni na bar masa gidansa.

Gaskiyarsa ɗaya, shi ke kai ta asibiti. Na rubuta don kada in ce ban sani ba.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Na je wurin Inna. Tana fere kanya, irin tamu mai girman tumatir, tana ɗaurawa a igiya don ta bushe, ba ta ɗago ba. Na yi mata bayani dalla-dalla, kamar wata lauya. Sai ta ce, "Chizu, in aka rubuta wannan, kowa a ofishin nan zai san ban yarda da ɗana ba. Jikar mai awara ce ke aiki a can." Na ce Inna, takarda ce kawai. Ta ce, "Ke da takarda na haife ki?"

Har nata rabin ta riga ta buga masa. Hatimin ma a aljihunsa yake kwana.

Haƙƙin nata ne, ba nawa ba. Ba a ɗora wa mutum laima yana ture ta. Na yi kuka a jirgin ƙasa, don haushi, ba don komai ba.

Litinin, 13 ga Nuwamba

Na buga. Inna ce ta roƙa, har da sunkuyar da kai, a gaban ɗanta. A wurin aikinmu ƙarami kan karkata hatiminsa, kamar yana rusuna wa na babba. Nawa na dasa shi tsaye ƙyam. Yaya ya turo ambulan, wai tukuicin hatimi. Na bar shi kan tabarma.

Na ce ƙafata ta bar gidan nan. Su ƙarata.

Asabar, 9 ga Disamba

Kwali ya iso daga Inna, busasshiyar kanya, ba wasiƙa. Da na kira ta ce wasu samari masu ladabi sun zo sun kafa jajayen turaku a lambu, wai awo ne kawai. Na ciji harshena har ya yi jini.

Lahadi, 10 ga Disamba

Na kwashe littattafan ƙaramin ɗakin gidana. Sun yi yawa ne, shi ke nan, dama na daɗe ina so. Rana tana shiga ɗakin da safe.

Na auna ƙofar. Akwatin addu'ar Baba, wanda Inna ba ta rabuwa da shi, zai shiga, in an ɗan karkata shi.