Farar Fakara a Baƙar Ƙasa

Zuwa ga matata Risten,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya ƙafafun, kumburin ya sauka? Ki gaishe mini da Inna.

Yau da safe na fita ɗiban itace, na ga fakaru a gangaren bayan bukka. Sun riga sun sauya gashi, sun yi fari fat har yatsun ƙafa, ga shi dusar ƙanƙara ba ta sauko ba. Ƙasa baƙa ƙirin, su kuwa sun lafe a kai, a zatonsu sun ɓuya. Ina tsaye shaho ya sauko ya ɗauki ɗaya, ko wahala bai sha ba. Sauran ba su tashi ba, ƙara lafewa suka yi.

Mu ma ga mu nan. Ni da Baba, mahaifinki, mun tsallako gyaran bukka da saran sandunan tarko, kogi ya fara daskarewa a bayanmu. Ƙanƙarar ta fi ƙarfin kwalekwale, ba ta kuma isa ɗaukar mutum ba. Ina hango hayaƙin gidanmu, lokacinki yana matsowa. Kullum Baba yakan kai wa kogin gatari, sara ɗaya ruwa ya ɓullo, sai ya dawo ya ɗora ruwan kofi a wuta.

Zan ɗaura wannan wasiƙar a dutse in jefa wa yayanki Ovlla a inda kogin ya tsuke. Ki taya ni roƙo dusar ƙanƙara ta sauko.

Mijinki,
Lemet

Risten tawa,

Ina gaisuwa, yaya jiki? Saƙonki ya iso, na ji kin ce kada in kuskura in taka kogin. Na ji.

Dusar da na roƙa ta sauko, har gwiwa. Na shigo da murnata, mahaifinki ya dube ni ya ce, wai ɗan bakin teku mai warin kifi, murnar me nake yi? Ashe dusa bargo ce. Ta lulluɓe ƙanƙarar, sanyi ba zai ƙara ratsa ta ba, ta kuma ɓoye wuraren da ba su yi kauri ba. A garinmu teku ba ya daskarewa, ina zan sani? Ya ce idan zan sake addu'a in riƙa tambayarsa tukuna.

Fakaru kam sun samu. Yanzu sai ka kusa taka su, baƙin ido kawai za ka gani. Da yamma sukan faɗa cikin dusar daga sama su nutse, su kwana a rami ba su bar sawu ba. Mun kafa ƙananan shingaye da tarko a bakin ƙofofin, inda suke tsinkar toho. Muna ɗan kamawa. Abin da ya cece su, shi ya tsare ni.

Idan abin ya zo, ki sa a sanar da ni ko ta yaya.

Naki,
Lemet

Zuwa ga Risten, uwar ɗiyata,

Barka da arziki, barka da sauka lafiya. Allah ya ƙara miki ƙarfi, ya raya mana ita. Kina samun barci? Kina cin abinci?

Kafin su ba ki labari da ƙari, bari in faɗa miki yadda aka yi. Jiya da safe Ovlla ya yi ta ƙwala kira, na sauko a guje. Inna na tsaye a wancan bakin, ta ɗaga wani abu sama da hannu biyu. Kun naɗe jaririyar cikin farar fatar nan, bayanta kuma tudu fari fat. Na zura ido, na share, na sake zurawa, ban ga komai ba, sai hannuwan Inna kamar ba su riƙe da kowa. Sai jaririyar ta tsanyara kuka, kukan ya biyo kan ƙanƙara ya same ni.

Ban san na taka ƙanƙarar ba, Risten. Na yi nisa kaɗan, na ji ƙasa na ƙara a ƙarƙashina, sai igiya ta zarge ni a ƙirji. Mahaifinki ne, da igiyar da yake kama dabbobi. Ya fizgo ni da baya kamar maraƙi, inda na tsaya ruwa ya yi baƙi. Ya ce shi bai aurar da 'yarsa don ya yi renon marainiya ba, in zauna inda aka ajiye ni. Na zauna a dusa, igiyar na jikina, muna saurare har Inna ta juya da ita gida.

Zan jira. Sai gatarin Baba ya gaji bai huda ƙanƙarar ba kafin in sake takawa, wannan alkawari ne. Ki rubuto mini kamanninta, tunda muryarta kawai na sani.

Abu ɗaya kuma. Baba zai ce miki ni kaɗai na yi kuka, shi sanyi ne ya shiga masa ido. Kada ki yarda. Inna ta gani, Ovlla ma ya gani.

Mijinki mai kewarku,
Lemet