Abin da Kake Faɗa Musu a Argungu

Ɗana Rabi'u,

Bayan gaisuwa, ya mutanen Badariya? Ni lafiya lau nake a Fatakwal, sai dai ƙafar nan da ba ta son tsayuwar tuya.

Ƙanwarka ta ce duk Asabar kana tafiya Argungu wurin zaman masu barin giya, wata huɗu ba ka sha ba. Alhamdu lillahi. Amma shekara tara ina yi maka faɗa, ko uffan ba ka ce mini ba. Yanzu baƙi ke jin kukanka, tsofaffin mashaya!

Kada ka kuskura ka fasa zuwa. Amma abin da kake faɗa musu, ka rage mini ko kaɗan, ni ma in ji.

Allah ya shirye ka.

Mahaifiyarka,
Hauwa'u