Gwandarki Wai Namiji Ce

Fagge, Kano.

Zuwa ga 'yata Fareedah,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, karatun noman kuma yana shiga. Allah ya tsare ki a can Malesiya, ya ƙara basira. Mu nan lafiya lau. Ciwon ƙafar mamanki ya yi sauƙi, ƙanwarki Rofiat ta fara koyon ɗinki a Sabon Gari, ni kuwa ina nan Kwari ina auna yadi kamar kullum.

Abin da ya hana ni sakat shi ne gwandar da kika shuka a bakin rijiya kafin ki tafi. Ta wuce katanga, ganye kamar laima, fure zara-zara, amma ko ɗa ɗaya babu. Boniface mai gyaran famfo ya ɗaga kai ya duba, ya ce wai namiji ce. Na ce masa ni dai tun firamare muka yi sallama da boko, amma ban taɓa jin bishiya namiji ba. Matarsa Adaugo ta ce haka ne, a garinsu in aka ɗaura wa irinta zani, kunya take ji ta koma mace. To, Fareedah, ubanki da furfurarsa ya yanko atamfa mai kyau, ba 'yar roba ba, ya ɗaura wa bishiya. Alhaji Abdulgani maƙwabcinmu ya leƙo ya tambaye ni ko har an sa rana. Wani a waya ya ce a buga mata ƙusa, na buga. Wani ya ce a sare kanta, nan ne hannuna ya ƙi.

Yanzu mamanki ta ce ta gaji da sharar fure, wurin kuma tankin ruwa za ta sa. Ta riga ta yi magana da Boniface, da ya gama aikin da ke hannunsa zai zo da adda. Na ce a jira masu ilimi. Ta ce ni da ko warin gwanda ba na so, mene ne nawa a ciki? Gaskiyarta. Na kasa ce mata tun da kika tafi, in na dawo daga kasuwa nan nake ajiye kujerata.

Don Allah ki tambayi malamanki da sauri. Namijin gwanda yana juyawa? In yana juyawa, me ake yi masa? In ba ya juyawa, yana da wani amfani, ko da ga gwandar maƙwabta ne? Ki rubuto da Turanci mai nauyi yadda mamanki za ta ji tsoronsa. Ban ce ki yi mata ƙarya ba. Amma in amsar ba ta yi mana daɗi ba, ki ce ana nan ana bincike, har ki dawo.

Rofiat da yayanki Olamilekan suna gaishe ki. Mamanki ma haka, ko da yake ba ta san na rubuto ba.

Babanki,
Raji