Gwandar Baba a Ɗakin Inna

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Akuyar kakata Dada ta cinye dashen gwandar da Baba ya yi kafin ya rasu. Guda ɗaya ta tsira, cikin gwangwanin madara. Na kai ta ɗakin Inna, bayan gado. Inna tana takaba, ko tagar ba ta buɗewa. Kallona kawai ta yi.

Asabar, 12 ga Yuli

Gwandar ta yi tsawo! Amma siririya, ganyen fari-fari kamar marar jini.

Alhamis, 17 ga Yuli

Ta karkata wajen taga, daidai inda katakon ya tsage. Na juya gwangwanin don ta fuskanci Inna. Yau na tarar ta sake lanƙwasawa can. Ba ta da ido, ya aka yi ta san inda haske yake?

Haushinta na ji. Masu gaisuwa daga Kafinsoli sun daina zuwa, ita ma ta juya mana baya.

Juma'a, 25 ga Yuli

Dada ta shigo, ta gan ta. "Ke Fiddausi, ita ma gwandar takabar kika sa ta?" Ta ce tsiro rana yake ci, in bai samu ba sai ya yi ta miƙewa nemanta har ya mutu. Na ce akuya fa.

Sai Inna ta ce, "Ku bar mani ita nan."

Ashe ita ke ƙara mata ruwa in na fita. Dada ta juya ta fita. Baba ɗanta ne fa.

Lahadi, 27 ga Yuli

Gwandar ta kwanta. Ganye biyu sun zube. Hannun Baba ne ya sa ta cikin ƙasar nan, in ta mutu shi ke nan.

Laraba, 6 ga Agusta

Ranar da ta kwanta Inna ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce in kai ta bakin ƙofa, rana ta taɓa ta kaɗan-kaɗan. Na ɗaure ta da kara, na kewaye da ƙaya. Yanzu Inna tana zama a bakin ƙofar kullum, wai gadin akuya.

Yau sabon ganye ya fito, kore shar. Inna ta jefi akuyar da takalmi, ta samu ƙafar Dada. Na yi dariya. Kaɗan dai.